Tafiyar da Malam Ya Tsara, Ni Na Tuƙa

Ranar da Malam ya fara kawo maganar ina tsaye a kicin ina wanke shinkafa. Malam maigidana ne. Tun muna Kano nake kiransa haka, kuma shekara ashirin da 'yan kai da muka yi a Bronx ba su canja bakina ba. Ya shigo da wata taswira ta takarda, irin wadda na ɗauka an daina bugawa, ya ture kwanukan da ke kan tebur ya shimfiɗa ta.

"Hajiya, zo ki gani."

Na goge hannu na zo. Ya ɗora yatsa a kan New York, ya ja shi sama yana bin gefen teku har wata jiha da ake ce wa Maine, sannan ya karkata hagu zuwa inda aka shafa kore da ruwan ƙasa.

"Nan teku, nan duwatsun New Hampshire. Kwana takwas, ni da ke kawai, in ganye ya fara sauya launi."

"Wa muka sani a can?"

"Ba kowa."

"To ina za mu sauka?"

Sai ya ciro waya ya nuna min hoton wata farar mota doguwa. A cikinta akwai gado, da ɗan murhun gas, da firiji, har da banɗaki ɗan mitsitsi kamar akwati. Ya ce haya ake bayarwa. "Tafi-da-gidanka ke nan. Inda yamma ta same mu, nan ne gida."

Dariya na yi, don na ɗauka wasa yake. A iya sanina tafiya ko ta ta'aziyya ce, ko biki, ko fatauci, ko aikin hajji. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki matarsa suka yi kwana takwas a hanya don su kalli dutse su dawo ba. Amma shi bai yi dariya ba. Ya ce shekara ashirin da biyu yana tuƙa tasi, yana kai mutane filin jirgi suna tafiya ganin ƙasar nan, shi bai san komai cikinta ba sai titunan birni ɗaya. Ya ce wani tsohon fasinja ne ya taɓa ba shi labarin hanyar, yadda teku ke dukan duwatsu a hannun damanka kana tuƙi, kuma tun lokacin abin yake ransa. A Jos aka haife shi, ya ce yana kewar ya tsaya a kan tudu ya hangi nesa ba tare da wani bene ya tare masa ba.

Malam yana da ciwon suga, kuma kusan shekara ke nan ana yi masa allura a ido duk wata. Ranar ma daga asibiti yake.

"Me likitar ta ce?" na tambaya.

"Ta ce da sauƙi," ya ce, yana gyara gefen taswirar.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ina aikin kula da wata tsohuwa a Parkchester, in yi mata wanka, in dafa mata, in ba ta magani. A jirgin ƙasa, zuwa da dawowa, sai na riƙa buɗe waya ina duba wuraren da Malam ya zagaye da jan biro. Abin da na fara lura da shi a hotunan shi ne babu mai kama da ni. Turawa ne zalla da karnukansu, suna zaune gaban wuta da gajerun wanduna. A Fordham Road in na fita da hijabina ba mai waiwayowa. A can cikin daji, inda ko ihu ka yi ba mai ji, ban san wa zan tarar ba. Da na faɗa wa Malam sai ya ce, "Turawan da na ɗauka a bayan motata ba su ƙirguwa. Yawancinsu barci suke yi."

Sai kuma na karanta labarin wata baƙar dabba da suke kira beya, wadda aka ce tana iya ɓalle ƙofar mota in ta ji ƙanshin abinci. Ni kuwa da daddawa zan tafi. Na je wajen matar limamin masallacinmu na ce ta tambayo min ko ya halatta a yi salla a motar da banɗaki ke cikinta. Ta dawo ta ce ya halatta muddin wurin yana da tsarki, kuma muna iya yin ƙasaru. Na yi godiya, amma a raina na so a ce bai halatta ba. 'Yarmu da ke aure a Columbus ita ta kama mana motar da wuraren kwana ta waya. Ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci kamar kullum, tana cewa abin ya burge ta, ba ta taɓa zaton babanta yana da irin wannan tunani ba. Ta sa sunana a matsayin direba na biyu. Malam ya ce wannan cika takarda ne kawai.

Lasin ina da shi, shekara shida ke nan, amma a jaka yake zaune. In na tuƙa mota to ta 'yarmu ce in mun je Columbus, daga gida zuwa kanti. Ban taɓa hawa babbar hanya ba.

Wata Asabar Malam ya ce mu je New Jersey mu ga motar da idonmu. A bas muka tafi. Na tambaye shi ina tasin, ya ce tana wajen bakanike. Mai kula da wurin, wani dattijo mai fara'a, ya buɗe mana ƙofar gefe ya ce mu shiga. Malam ya ɗaga ƙafa ya kuskure matakin, ƙaurinsa ya bugi ƙarfe har na ji ƙarar. Ya ce ba komai, takalminsa ne. A ciki ya riƙa shafa komai kamar yaro, ya buɗe firiji, ya kwanta a gadon ya gwada tsawonsa. Ni kuma ina tambayar dattijon in firijin ya mutu a daji yaya za a yi, don allurar sugan Malam sai a cikin sanyi take zama.

Dattijon ya nuna wata takarda da aka manna a saman gilashin gaba. Ya ce tsawon motar ne daga ƙasa zuwa rufi, kuma mu haddace shi, saboda akwai hanyoyi a New York masu gajerun gadoji da mota irin wannan ba ta shigewa. Ya ce ya ga waɗanda suka dawo masa da mota ba rufi. Malam ya matsa kusa, ya karkata kai gefe ɗaya, ya daɗe yana kallon takardar.

"Hajiya, karanta min. Hasken nan ya yi yawa."

Na karanta masa. Lambobin manya ne, kowanne ya kai ɗan yatsana. Hadari ma ake yi ranar, babu rana. Na dube shi, shi kuma ya kawar da kai.

Tunanin da ya hana ni sakat bayan nan shi ne, in sugansa ya faɗi muna tsakiyar hanya, wa zai kai mu asibiti? Sai na hau sama wajen maƙwabciyarmu. Gidan hayarmu a Highbridge yake, a kan gangara, mu a hawa na huɗu ita a na biyar. 'Yar zangon Kumasi ce, ta girme ni, kowa a benen Anti yake ce mata, kuma bas ɗin 'yan makaranta take tuƙawa. Hausarta ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wajenta. Na zayyana mata komai, har da beyar.

"Ei, Hajiya, kai ka cika tsoro," ta ce. "Mota mota ne. Babba ya fi ma daɗi, kowa na ganinka. Ka samo wanda za mu gwada da shi."

Malam ya aro mana motar ɗaukar kaya ta wani amininsa, mutumin Maraɗi mai shago a kusa da Fordham Road. Girmanta ya kusa na waccan. Ranar Lahadi da hantsi muka tafi filin ajiye motoci na Orchard Beach, wanda yake da faɗi kamar filin idi. Malam ne ya tuƙa mu, Anti ta biyo mu a motarta. Na yi awa biyu ina zagaye, Anti tana gefena tana buga min tsawa. "Madubi! Ba ka da ido a baya, madubi ne idonka! Buɗe kwana, kada ka manne!" Na hau kan dakali sau biyu. Na yi ribas na kusa kwashe kwandon shara. Rigata ta jiƙe sharkaf. Malam yana zaune a inuwa yana ɗaga min hannu duk lokacin da na wuce.

Da muka gama Anti ta wuce wani suna a Parkchester, Malam ya karɓi sitiyari muka kamo hanyar gida. Tafiya yake a hankali fiye da yadda na san shi, ya ranƙwafa gaba, yana yawan juya kai gaba ɗaya. Mun shigo unguwarmu, saura layi uku, danja ta ba mu hannu, ya fara karya kwana hagu. Wani magidanci mai kai abinci a kan keke yana tahowa daga wannan ɓangaren, da jar jaka a bayansa. Ni na gan shi tun daga nesa. Na jira Malam ya taka burki. Bai taka ba.

"Malam! Mutum!"

Ya taka da ƙarfi har ƙirjina ya bugi gaban motar. Mai keken ya goce, ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, tayarsa ta gaba tana taɓa jikin motarmu. Ya ɗaga hannu ya zazzaga mana abin da ya zazzaga da Sifaniyanci, ya wuce. Ba abin da ya same shi. Na baya suka dame mu da oda. Malam ya ja motar da ƙyar ya tsaya a gefen titi, ya kashe ta.

"Ba ka gan shi ba," na ce.

Ya ci gaba da kallon titi.

"Malam, don Allah ka dube ni. Ba ka gan shi ba."

"Ban gan shi ba."

"Me likitar ta ce?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce idon hagu ya kusa tafiya, in ya rufe na dama abin da yake gani kamar ta cikin gilashin da aka shafa wa mai ne. Ya ce tun ranar da ya shigo da taswira likitar ta ce ya ajiye tuƙi, kuma washegari ya mayar wa masu tasin motarsu. Babu wani bakanike.

"To ina kake zuwa kullum da safe?"

"Shagon mutumin Maraɗi. In zauna a bayan kanta, in yi azahar a masallaci, in dawo lokacin da na saba dawowa."

Mako uku ke nan ina zuba masa abinci a kula ina yi masa a dawo lafiya. Raina ya ɓaci har na rasa ta inda zan fara. Na ce da ka kashe bawan Allahn nan fa? Na ce da haka za ka ɗauke ni ka hau dutse da ni? Na faɗi maganganu da ban taɓa faɗa masa ba. Bai kare kansa ba. Da na yi shiru sai ya ce, "Na so in gwada kaina yau, in ga ko zan iya. Na ɗauka in na bi a hankali, da rana, sau ɗaya kawai, na ƙarshe." Ya miƙo min makullin. "Ga shi. Na gama."

Ni na ƙarasa da motar layi ukun nan. Na yi minti ashirin ina ƙoƙarin gyara mata fakin a gangara, yana zaune a gefena.

Ranar asibitinsa ta gaba na nemi a sauya min aiki na bi shi. Na tambayi likitar kai tsaye, a gabansa. Ta ce idon hagu da wuya ya dawo. Na dama shi suke ƙoƙarin tsarewa da allurar, yana iya daɗewa a haka, yana iya raguwa, ba za ta yi min alkawari ba. Na tambaye ta batun tafiya. Ta ce ba abin da zai hana, in dai ba shi zai tuƙa ba, kuma kada tafiyar ta sa ya tsallake allura ko ɗaya.

A bas ɗin dawowa Malam ya ce, "Ki kira 'yarki ta soke komai."

Na ce to. A gaskiya wani sanyi na ji a raina. Babu beya, babu daji, babu gajerun gadoji. Amma ban kira ta ranar ba, na ce sai gobe. Gobe ma ban kira ba. Gidan ya yi tsit. Yana gaishe ni ina gaishe shi, shi ke nan. Ya naɗe taswirar ya cusa ta bayan firiji.

Rana ta uku da safe na fito daga wanka ina sauri kada in makara, na same shi ya shirya tsaf. Ya sa rigarsa ta aiki, ya ɗaure takalmi, ya sa hula, yana zaune a kujerar da ke bakin ƙofa, hannayensa a kan gwiwa. Ba inda za shi, yanzu da na sani ba ya ma buƙatar zuwa shago. Jikinsa ne kawai ya saba. Na tsaya ina kallonsa ta ɓangaren hagu, bai san ina wurin ba. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Na tuna maganar likitar, cewa ba za ta yi min alkawari ba. In na ce sai baɗi, ban san me zai iya gani baɗi ba.

Na fito na ce, "Malam, ciro taswirar nan."

"Ta me?"

"Ni zan tuƙa. Duka. Ko makulli ba za ka taɓa ba."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni. "Ke da kika hau dakali sau biyu?"

"Ni ɗin."

"Hajiya, babbar hanya ba filin Orchard Beach ba ce. Akwai tireloli."

"Na sani. Tsoro nake ji kamar in mutu. Ciro ta kafin in canja ra'ayi."

Saura mako biyar. Muka sake tsara komai daga farko, wannan karon da sharuɗɗana. Kwana takwas ya koma shida. Ba zan wuce awa uku ina tuƙi a rana ba, kuma kafin la'asar dole mun isa masauki. In ana ruwa ba ma motsawa. Na sa 'yarmu ta nemo min asibiti mafi kusa da kowane wurin kwana, na rubuta su a bayan taswirar da manyan baƙaƙe. Da ta ji gaskiyar abin da ke faruwa da idon babanta ta yi kuka a waya, sannan a karon farko cikin shekaru ta yi min magana da Hausa, ta ce, "Mama, za ki iya?" Na ce ban sani ba.

Duk Asabar da Lahadi Anti tana fitar da ni a motar mutumin Maraɗi. Shi ma kunya ta kama shi da ya gane na san yana ɓoye min, ya riƙa aiko da makullin tun kafin a tambaya. Ranar da Anti ta fara hawa da ni babbar hanya, wata tirela ta wuce mu iskarta ta girgiza motar, na saki salati na kusa rufe ido.

"Kada ka kalle shi!" Anti ta daka min tsawa. "Kalli gabanka. Tsaya hannun dama, bari su wuce. Wanda ya yi maka oda, ba ubanka ba ne."

Ta koya min yadda ake sa mota a ƙaramar giya in ana gangarowa daga tudu don kada burki ya yi zafi. Mun gwada a gangarorin Highbridge har na daina riƙe numfashi. Duk da haka abinci ya daina shiga min. Na rame har tsohuwar da nake kula da ita ta lura, ta tambaye ni ko wani ne ya mutu. Sau biyu na ɗauki waya zan ce wa 'yarmu ta soke, ina ajiyewa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, da can in wani abu ya faru laifin hanya ne ko ƙaddara. Yanzu ran Malam a hannuna yake, da ran duk wanda zai bi ta gefena.

Shi kuwa sai ya farfaɗo. Ya zauna da gilashin ƙara girman rubutu yana bin hanyar layi-layi, yana haddace lambar kowace mafita, yana sa ni maimaitawa muna cin abinci. Ya san duk hanyar da ke da gajeriyar gada a kewayen birnin, ya ja musu baƙin layi. Ni kuma na shiga soye-soye. Na yi dambun nama, na dafa miya na daskarar da ita a robobi, na ƙulla garin rogo da yaji da dabino. Anti ta kawo kwalbar shito, yajin nan nasu na Ghana da ake soyawa da mai. Daddawar na naɗe ta a leda uku na sa a gwangwani mai murfi. Na sayi buta sabuwa, da wata 'yar jakar ƙanƙara saboda allurarsa ko da firijin zai ba mu kunya.

Ranar tafiya Anti ta kai mu New Jersey da kayanmu bayan sallar asuba. Da na hau kujerar direba sai na ga yadda ƙasa ta yi min nisa. Anti ta leƙo ta taga ta gyara min madubi, ta ce, "Ka iya. Tafi." Na yi addu'ar hawa abin hawa sau uku. Muka hau babbar gadar da ke shiga Manhattan ta hawan sama, muka ratsa Bronx a tsakiyar tireloli. Malam bai iya karanta allunan ba, amma bai buƙace su ba. "Zauna a nan. Bayan wannan gadar za ki ga hanya ta rabu, ki riƙe hagu. Yanzu sa sigina." Muryarsa a kwance, kamar yana karanta abin da ya haddace tun yana yaro. Da muka tsaya shan mai a Connecticut sai da na yi amfani da hannu ɗaya na buɗe yatsun ɗayan daga sitiyari.

Tekun mun gan shi rana ta uku. Ba na iya kallonsa ina tuƙi, sai in na sami wuri na tsaya. Malam ya sauka ya tsaya a kan duwatsu iska tana kaɗa rigarsa, ya ce yana ganin farin kumfar, yana ganin inda ruwa ya haɗu da sama, ƙananan jiragen ne sai na nuna masa. A masauki maƙwabtanmu wasu tsofaffin Turawa ne mata da miji. Matar ta daɗe tana kallonmu muna salla a kan ciyawa, da muka sallame sai ta zo ta ce igiyar wutarmu ba ta shiga daidai ba, mijinta zai gyara mana. Beya ba mu gani ba. Firijin bai mutu ba, amma na buɗe shi na taɓa allurar ya fi sau goma kullum.

Rana ta biyar muka juya wajen duwatsu. Hanyar tana hawa tana murɗewa, a hannun dama rami ne sai wani ɗan shingen ƙarfe. Ganyen sun yi ja da rawaya kamar yadda aka faɗa, Malam yana ta cewa masha Allah, ni kuwa farin layin titi kawai nake kallo. Muna ƙara hawa sai hazo ya fara saukowa, har ya zamana ba na ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. Da ƙyar na gane allon wurin tsayawa na masu kallo, na shiga na ja burkin hannu. Nan ne wurin da Malam ya fi zagayewa da jan biro, inda aka ce ana hango duwatsu jere har iyakar gani.

Muka sauka. Babu komai sai fari. Ko bishiyar da ke bayan shingen ba a gani sosai. Na jingina da motar, hawaye suka zubo min. Duk wannan wahala, mako biyar ban ci abincin kirki ba, na kawo shi har nan, ga abin da muka tarar.

Malam ya dafa shingen ya daɗe yana kallon hazon. Sai na ji yana dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin a fara yi masa allura.

"Hajiya, me kike gani?"

"Ba komai."

"To yau ni da ke ɗaya muke."

Na harare shi, sannan ni ma dariyar ta ƙwace min ina share hawaye. Muka koma ciki na kunna murhu na dafa shayi, muka jira awa ɗaya da rabi. Hazon bai tashi ba. Da na ga azahar ta gota na ce mu sauka tun da sauran haske. Na sa motar a ƙaramar giya muka gangaro kamar masu rakiyar gawa. Da na dubi madubi motoci sun jeru a bayana har inda hazon ya haɗiye su. Ban ƙara gudu ba har muka iso ƙasa.